Shayi da Madara: Tarken Layi Ɗaya a Jadawalin Abincin Makaranta

A kowace makarantar kwana akwai wani rubutu da ɗalibai suka fi haddacewa fiye da duk littattafan da aka ɗora musu don jarrabawa, wato jadawalin abinci. Ba ya ɗauke da sunan marubuci, ba a kuma taɓa sa shi cikin manhaja ba, amma yaron da ya kasa kawo baiti biyu na waƙar da aka karantar da shi jiya zai gaya maka abin da za a ci ranar Laraba da dare ba tare da ya yi inda-inda ba. Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandaren gwamnati ta kwana ta maza, kuma shekaru da dama an haɗa mini aikin aji da kula da ɗakin cin abinci. Wannan ya sa na daɗe ina karanta jadawalin da irin idon da nake karanta ƙagaggen labari, ina tambayar wa ya zaɓi kalmomin, me suka faɗa, me suka ɓoye. Layi ɗaya nake son in feɗe a nan, wanda yake fitowa sau biyu a mako a gurbin karin kumallo: shayi da madara da burodi. Shayin shayi ne, burodin ma burodi ne ko da ya kwana. Kalmar tsakiyar ce nake tuhuma.

Bahaushe bai yi wa abin da ake tatsa daga saniya suna ɗaya ya huta ba. Ya bi shi mataki-mataki yana raɗa masa suna. Wanda aka tatso yanzu, da ɗuminsa, bai kwana ba, bai yi tsami ba, ba a taɓa shi da komai ba, shi ne madara. Idan aka dafa aka zuba masa ɗan tsohon nono aka rufe ya kwana ya daskare da mansa a ciki, ya zama kindirmo. Idan aka kaɗa aka kwashe man, abin da aka kwashe man shanu ne, ruwan da ya rage mai tsami kuma tsala. Nono shi ne uban gidan duka, kuma kalma ce mai nauyi, domin da ita ake kiran mama da abin da jariri ke sha daga gare ta, da ita ake ƙulla 'yan'uwantakar da ke haramta aure tsakanin waɗanda mace ɗaya ta shayar. Al'ummar da ta tanadi sunaye haka al'umma ce da ta san abin da take sha, kuma mai saye a cikinta yana iya tsayar da mai talla ya ce kindirmo ya nema, me ya sa aka ba shi tsala.

A cikin wannan dangi, madara ce ta ɗauki ma'anar tsantsa. Shi ya sa harshen ya are ta ya kai wurare da babu saniya ko kusa. Mai turare a kasuwa idan yana son ya nuna maka wanda ba a sirka ba sai ya ce madarar turare ce. Ana yabon malami a ce ya shayar da almajiransa madarar ilimi, ana nufin wanda babu gauraye a cikinsa. Duk inda kalmar ta je, alkawarin da take ɗauke da shi ɗaya ne: ba a cire komai ba, ba a ƙara komai ba.

To, ga abin da ke sitonmu. Buhu ne na takarda mai leda a ciki, nauyinsa kilo 25, irin wanda ake farkewa a kasuwa ana aunawa da kwano, mutane na kira madarar awo. Idan mutum ya yi haƙuri ya karanta ƙananan rubutun da ke jikin buhun, zai ga yadda aka yi shi. An tatsi shanu a Turai ko wata ƙasa mai nisa, an cire man gaba ɗaya an sayar da shi daban saboda ya fi tsada, sannan aka ɗauki ruwan da ya rage aka zuba masa man tsirrai, galibi manja da aka tace har jansa da ƙamshinsa suka fita, aka busar ya zama gari. Hukumar Codex Alimentarius, wadda ke tsara ƙa'idojin abinci a ƙarƙashin hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta yarda a kira wannan madara kai tsaye ba. Ta ware masa ƙa'ida tasa tun 2006, da dogon suna mai nuna cewa haɗi ne na madarar da aka cire wa mai da kuma man tsirrai. Da za a fassara shi da Hausar kasuwar nono, sai a ce tsala ce marar tsami da aka yi wa ciko da manja. Kalmar da Bahaushe ya keɓe wa abin da ba a cire masa komai ba, ba a ƙara masa komai ba, ita muka liƙa wa abin da aka cire wa mafi daraja aka cike gurbin da mafi arha.

Ba rana ɗaya kalmar ta yi wannan ƙaura ba. Madarar gwangwani ta Peak ta shigo Nijeriya tun 1954, ta zauna a teburin mai shayi har ta zama ma'aunin shayi mai kauri, kuma tun daga lokacin yaron birni ya fara sanin madara a gwangwani kafin ya san ta a ƙwarya. A farkon shekarun 1990 aka fara ƙulla ta gari a ƙananan ledoji da talaka zai iya saye. Sannan a ƙarshen Maris na 2015 Tarayyar Turai ta soke iyakar da ta daɗe tana sa wa manomanta kan yawan madarar da za su tatsa, madara ta yi musu yawa, aka nemi inda za a kai rarar. A shekarar nan kuma harajin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS ya fara aiki, wanda ya sa kashi 5 cikin ɗari kacal a kan garin madara da ke shigowa cikin manyan buhuna. A Fabrairun 2020 Babban Bankin Nijeriya ya taƙaita ba da kuɗin waje don shigo da madara ga kamfanoni shida, da sharaɗin su zuba jari a kiwon cikin gida, amma buhun bai daina zuwa ba. Duk wannan tarihi yana kwance a ƙarƙashin kalma ɗaya da magatakardan makaranta ya buga a jadawali.

Ba ina cewa guba ce ba. Furotin da kalsiyam na madarar asali suna nan a cikinta, sau da yawa ana ƙara mata bitamin, kuma tana jure zafin Afrilu a siton da babu lantarki, abin da kindirmo ba zai yi ko na kwana biyu ba. Ga yaron da ya wuni bai ga nama ba, kofi ɗaya nata alheri ne, idan har kofin ya cika. Sai dai lissafin bai da wuya. Ana buƙatar kimanin giram 130 na gari kafin a haɗa lita ɗaya, ke nan buhu guda zai ba da abin da bai kai lita 200 ba, kofi wajen ɗari takwas. Makaranta mai ɗalibai dubu za ta cinye buhu da ɗoriya a safiya ɗaya in ana son kowa ya sha kofi na gaskiya. A wurinmu buhu ɗaya yakan ga safiya huɗu, wani lokaci biyar. Abin da ke isa bakin yaro bai wuce abin da zai sauya wa ruwan bunu launi ba, ya tashi daga ja ya koma kalar ruwan gulbi a farkon damina. Tsohon kukunmu, wanda kowa ke kira Baba, yakan ɗaga ludayi ya zubo shayin daga sama ya ce, “Malam, ai mun nuna masa madarar, ya gan ta.” Kalmar ta yi ƙarya sau biyu ke nan, a kan irin abin da kuma a kan yawansa.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ranakun da aka yi abin kirki. Idan baƙi za su zo duba makaranta, ko an shiga makon jarrabawar fita, akan saki hannu a zuba gari sosai, shayi ya yi kauri. A irin waɗannan ranaku ne darasi na biyu da na uku ke lalacewa. Yara su yi ta ɗaga hannu suna neman izinin zagayawa, wasu su kife kai a kan tebur suna riƙe da ciki, ajin ya cika da abin da ladabi ya hana a ambata. Malamai sukan ce haɗama ce, ko kuma a zargi ruwan rijiya. Amma ba kowane yaro abin ke kamawa ba, kuma waɗanda yake kamawa su ne dai kullum.

Bayanin wannan ya girmi yawancin malaman da ke zargin rijiya. A cikin madara akwai wani sukari da ake kira laktos, kuma hanjin jariri yana fitar da sinadarin da ke narkar da shi. Ga yawancin 'yan Adam, kusan biyu cikin uku na mutanen duniya, wannan sinadari yana raguwa bayan yaye, sai sukarin ya wuce babban hanji bai narke ba, ya haifar da kumburi da iska da gudawa. Waɗanda suka riƙe shi har girma su ne galibi jikokin makiyaya. A 1971 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a nan Nijeriya, cikin waɗanda suka yi shi har da Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya. Sun tarar cewa mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da wannan sukari, Yarabawa da Ibo kusan duka ba sa iyawa bayan ƙuruciya, mutanen biranen Hausa kuma suna tsakani, amma waɗanda ba sa iyawa sun fi yawa. Cire man shanu a zuba manja bai taɓa wannan sukari ba, yana nan cikin buhu yadda yake.

A nan ne nake ganin hikimar da ke cikin jerin sunayen da na fara da su. Ƙwayoyin da ke mayar da madara nono wannan sukarin suke ci, su mayar da wani kaso nasa tsami, kuma suna ci gaba da taimakon hanji bayan an sha. Shi ya sa dattijon da kofin madara zai hana shi zaman masallaci yake shanye ƙwaryar fura da nono ya tashi lafiya. Kakanninmu ba su san sunan laktos ba, amma sun san cewa madara ta 'yan maruƙa ce da mutanen ruga, nono kuma na kowa. Abincin Bahaushe na gado nono ne, madara baƙuwa ce a cikinsa ko da ta saniyar maƙwabci ce. Jadawalinmu ya juya wannan tsari, ya ɗauko sifar da cikin yaranmu ya fi ƙi ya sa ta a gaba, ya bar wadda cikinsu ya saba da ita a wajen katanga.

Daga ina marubucin jadawalin ya kwafo layinsa? Daga makarantun da aka gina namu a kan samfurinsu. A Ingila an mayar da ba yara madara kyauta a makaranta al'ada ta ƙasa tun 1946, har ta kai lokacin da Margaret Thatcher, tana ministar ilimi, ta janye ta daga yara 'yan sama da shekara bakwai a 1971, jama'a suka yi mata laƙabin mai ƙwace madara, laƙabin da ya bi ta har ofishin firaminista. A Amurka ma a 1946 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar abincin rana na makarantu, kuma madarar shanu ta zama abin da dole a ajiye wa kowane yaro a faranti. Shekaru da yawa, yaron da cikinsa ba ya karɓar ta sai an kawo takarda daga likita ko iyaye kafin a ba shi wani abu a madadinta, alhali yawancin masu wannan matsala baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Asiya da jikokin mutanen ƙasar na farko. Daga irin wannan jayayya, da ta masu ƙin cin duk abin da ya fito daga dabba, aka sami rukunin abubuwan sha da suke kira madadin madara, na waken suya da na alkamar dawaki da na 'ya'yan itatuwa. Har gaban alƙali maganar ta je: a Yunin 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ba a sayar da abin da aka yi da tsiro zalla da sunan madara ko cuku ko man shanu, in ban da 'yan kaɗan da al'ada ta riga ta san su da sunan, irin madarar kwakwa. Su can suna tsaron kalmarsu da kotu, mu nan mun saki tamu ga duk farin abin da ya zo a buhu.

Wannan magana ta madadi ta iso mu ne ta bakin masu shirya bita. Bayan an saki darajar naira a tsakiyar 2023 kuɗin buhu ya yi tashin da ɗan kwangila ya ce ba zai iya ba, sai aka tuna da wata takarda da wani ya kawo daga taro, mai cewa waken suya zai maye gurbin madara. Ta fuskar gina jiki maganar tana da ƙafa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar waken furotin ne, kilo ɗaya yana ba da lita shida zuwa takwas, furotin ɗin da ke kofinsa ya yi kusa da na kofin madarar shanu, babu laktos a cikinsa ko kaɗan, kuma a gonakinmu ake noma shi. Aka goge layin aka rubuta: shayi da madarar waken suya. Aka jiƙa, aka kai inji, aka tace, aka tafasa, aka juye a shayi.

Yaran suka ƙi sha. Wasu suka ce gafi yake yi, kuma da gaskiyarsu, don waken da aka niƙa da ruwan sanyi yana da wani ƙarni da sai an san hannu ake kashe shi. Manyan aji suka baza jita-jitar cewa yana rage mazakuta, maganar da binciken likitoci bai gaskata ba amma ta fi kowane bincike saurin yawo a ɗakin kwanan samari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗannan yaran da suka tuttular da shayin a kwata su ne da an tashi tara suke rububin awara a jikin waya, suna miƙa kuɗinsu ta ƙasa, suna roƙon a ƙara yaji. Wake ɗaya ne, ruwa ɗaya ne, awara ma ai wannan farin ruwan ne aka zuba wa ruwan tsami ya dunƙule. Bambancin yana ga suna. An ce musu madara, harshensu ya shirya karɓar madara, sai ya ci karo da wake, kuma kama da wane ba ta wane. Wanda aka gabatar a matsayin madadi an riga an gaya wa mai karɓa cewa na gasken ya gagara, a rashin uwa ake uwar ɗaki. Babu yaron da ke son a tuna masa da sassafe cewa shi na uwar ɗaki ne.

Baba ne ya warware, ba da wata takarda ba. Ya roƙi a bar masa waken mako ɗaya. Ya tafasa shi kafin niƙa, ya murje ɓawon, ya haɗa da gasarar gero, ya sa citta da kanumfari, ya dama da kauri, ya hana a kai shi kusa da ganyen shayi. Da ɗalibi mai kula da abinci ya tambaye shi me za a ce wa yara, sai ya ce, “Kunu za ka ce, ɗana, don kunu ne.” Aka shanye har ana kankare tukunya.

Mai karatu zai iya kama ni a nan ya ce ai awara ma sunan aro take ɗauke da shi. Haka ne. Wara cuku ne mai laushi da matan Fulani ke yi da madarar shanu da ruwan tumfafiya, sananne a ƙasar Yarabawa da Nufawa, kuma lokacin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya a ƙarshen shekarun 1980, na waken ya gaji sunan na shanun. Wasu ma suna kiran ta ƙwai-da-ƙwai, alhali kaza ba ta san da zancen ba. Amma wannan aro ne irin na kasuwa, wanda mai saye da mai sayarwa duk sun san wasan. Yarinyar da ke suyar awara ba ta taɓa cewa daga saniya ta samo ba, sunan kuma ya daɗe da sakin tsohon mai shi ya zama nata. Aron da nake ƙi shi ne wanda hukuma ke yi a rubuce, ga yaran da ba su da zaɓi, don takarda ta nuna an ba su abin da ba a ba su ba.

Da zarar an ajiye kalmar madadi, sai a ga cewa gidan Bahaushe cike yake da fararen abubuwan sha da ba su taɓa neman zama madara ba. Kunun gyaɗa yana da mai da furotin, yana riƙe ciki har azahar, sai dai a kula da gyaɗar da ta yi fumfuna don dafin da ke cikinta yana lahanta hanta kuma tafasa ba ta kashe shi. Kunun aya ya fi su daɗi a baki, ya fi su kama da madara a ido, amma furotin ɗinsa kaɗan ne, kuma in babu sanyi kafin la'asar ya fara tsami, don haka ba na tukunyar mutum dubu ba ne. Abin da dukansu suka gaza a kai, har da na waken suya, shi ne kalsiyam, wanda ƙashin yaro mai tasowa ke nema. Wanda ake sayarwa a kwali a Turai zuba masa ake yi a masana'anta, namu na inji ba mai zuba masa. Abin dariyar shi ne maganin wannan gibi yana cikin jadawalin tun asali, a gurbin da yara suka fi raina. Ganyen kuka yana cikin ganyayen da suka fi kalsiyam, haka zogale, haka riɗi. Miyar kukar da ake zuba wa gabza da dare, wadda ɗalibai suka yi wa sunaye na zagi iri-iri, ta fi shayin safe amfani ga ƙashinsu, in an kaɗa ta da kauri aka sa mata daddawa da ɗan kifi. Ba a taɓa yi mata kirari a littafin koyar da abinci mai gina jiki ba. A can hoton kofin gilashi ne da yankan cuku mai ramuka, irin wanda yaranmu ba su taɓa gani ba sai a zane.

Saura nono, wanda ya kamata a ce shi ne farkon abin da aka tuna. Ba na cikin masu ganin cewa ƙin sayensa wauta ce zalla, don matsalolinsa na gaske ne. Farar saniyarmu Bunaji, bayan ɗan maraƙi ya sha, abin da ake samu a wuni bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu ba, a inda baƙar-da-fara ta Holan ke ba da fiye da ashirin. Madarar da ba a dafa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale. Akwai masu sirka shi da ruwan da ba a san asalinsa ba. Satar shanu da rashin tsaro sun kori rugage da yawa daga inda suke. Kai, a cikin birni da rani, wani nonon da ake dama fura da shi ma daga buhun nan aka haɗa shi aka bar shi ya kwana, har ƙwaryar ta koma sayar da abin da ya kashe mata kasuwa. Amma duk waɗannan, in ban da tsaro, abubuwa ne da tukunya da ma'auni da yarjejeniya ke magancewa. Makarantar da ke dafa wa mutum dubu tuwo ba za ta ce tafasa madara ya fi ƙarfinta ba, kuma kindirmo ba ya buƙatar firiji in an haɗa shi da yamma aka sha da safe.

Abin da ya hana shi shiga ba tsafta ba ce kawai, takarda ce. Abincin makaranta ta hannun ɗan kwangila yake biyowa, ɗan kwangila kuma da rasit ake biyansa, bayan wata uku ko fiye. Buhu yana da rasit, yana jiran wata uku bai ce komai ba. Inna mai ƙwarya ba ta da rasit, ba ta da rajistar kamfani, kuma kuɗinta take so yau don ta sayi dusa da gishiri kafin ta koma. Ko shirin ciyar da 'yan firamare da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2016, wanda sunansa kansa ke alkawarin abincin da aka noma a gida, naira 70 ya ware wa kowane yaro a rana, daga baya aka ce 100. A cikin wannan kuɗi mai dafawa za ta sayi hatsi da mai da itace ta fitar da ladanta, ba a bar wa ƙwarya wuri ba.

Mu masu adabi ma ba mu fita ba. Mun cika waƙa da fim da littafin soyayya da Bafulatana mai tallar nono, da ƙwaryarta mai zane da faifanta da tafiyarta, mun mayar da ita ado, har ana sa yara su yi shigarta ranar bikin al'adu a wannan makarantar da ba ta taɓa sayen ludayi ɗaya a hannunta ba. Akwai wani yaro ɗan ruga da ya zo mana aji ɗaya, shiru-shiru, wanda ranar bikin aka ɗora wa sanda da malafa aka sa shi gaba don baƙi su ɗauki hoto. Shi ne kaɗai na taɓa ji ya yi wa layin nan tarke da baki. Ya leƙa kofinsa ya ce, “Malam, wace saniya ce wannan?” Ba da raini ya tambaya ba, so yake ya sani.

Aibi na ƙarshe da na gani a wannan rubutu shi ne ya san mako amma bai san shekara ba. Kwana bakwai ne a jere, ana maimaita su daga Satumba zuwa Yuli kamar an rubuta su don ƙasar da ba ta da damina da rani. Buhu ne kaɗai abincin da ya dace da irin wannan jadawali, don shi ne ba ruwansa da wata. Nono kuwa yana da lokacinsa: yana yawaita daga saukar ruwa, ya yi arha a Agusta lokacin muna dogon hutu, yana nan da yawa har Oktoba, sannan ya ja baya idan ciyawa ta bushe shanu suka yi kudu. Daidai lokacin da yake ja baya sabuwar gyaɗa da sabon waken suya ke shigowa kasuwa, su riƙe mutum hunturu da bazara. Zangon farko na karatu, daga Satumba, ya faɗo a kan wadatar nono. A waɗannan makonni matan rugar da ta rage a yammacinmu suna wucewa ta ƙofar makaranta da hantsi, wani lokaci su dawo da yamma da sauran da bai ƙare ba. Umarnin da aka ba maigadi shi ne kada mai talla ta tsaya a bakin ƙofa, don haka sukan zagaya ta bayan gidajen malamai, inda matanmu ke saye.